Girman kai, dogaro da kai da dogara ga Allah: tambayoyin da ake yawan yi mini a Maraɗi

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi da wake nake saye ina sayarwa, kuma ina cikin dattawan wata ikilisiya a nan Maraɗi. Tambayoyin nan na ƙasa ba ni na ƙirƙiro su ba. Wasu a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba aka yi mini su, wasu matasa ne suka tare ni da su a ƙofar majami'a, wasu kuma daga zumuntar mata suka fito ta bakin maiɗakina. Na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da ya same ni.

Mene ne girman kai? Ba shi ne taƙama da ƙin gaida mutane ba?

Wannan shi ne wanda ido yake gani, kuma shi ne mafi sauƙin magani, domin jama'a da kansu za su faɗa maka. Hausawa sun riga sun yi masa suna, girman kai rawanin tsiya. Amma saiwarsa tana can ƙasa. Girman kai shi ne mutum ya manta cewa abin da ke hannunsa ba shi aka yi. Bulus ya tambayi Korantiyawa me suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba, in kuwa karɓa suka yi, don me suke fahariya kamar ba kyauta ba ce (1 Korantiyawa 4:7). Tun kafin Isra'ilawa su shiga ƙasar alkawari Musa ya ja musu kunne a Maimaitawar Shari'a sura 8, cewa in sun ci sun ƙoshi, sun gina gidaje, garkunansu sun yaɗu, kada su ce a ransu ƙarfin hannunsu ne ya tara musu wannan dukiya.

Mutum yana iya zama mai sanyin murya, mai tuɓe takalmi ya durƙusa wa manya, alhali zuciyarsa cike take da wannan mantuwa. Bafarisiyen nan na Luka 18 a Haikali yake, addu'a yake yi, azumi sau biyu a mako, yana fid da zakka daga dukan abin da ya samu. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ya hana shi komawa gida baratacce shi ne bai zo da hannu buɗe ba, ya zo ne ya karanta wa Allah lissafinsa. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai, shi ne ya samu.

Kullum a rediyo ana kiran mu zuwa ga dogaro da kai. Ashe laifi ne ga mai bi?

A'a. Abin da hukuma da ƙungiyoyi suke nufi da wannan kalma shi ne mutum ya kama sana'a, ya ci guminsa, kada ya zauna jiran taimakon waje. Littafi Mai Tsarki ya riga su faɗa. Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci abinci (2 Tasalonikawa 3:10), shi kansa kuwa ɗinkin alfarwa yake yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu don kada ya nauyaya wa kowa.

Dubi asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta soma a jihar nan tamu a 1991, yau ga shi ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mata suna zuba ƴan kuɗinsu mako mako, suna ranta wa juna, wata ta sayi akuya, wata ta kama tuyar ƙosai ko matsar man gyaɗa. Ana kiransa dogaro da kai, amma in ka zauna ka duba, kowace mace a cikin da'irar nan ta jingina ne da sauran. Ita kaɗai ba za ta tara jarin ba. A Galatiyawa sura 6 Bulus ya ce ku ɗauki nauyin juna, ayoyi uku a gaba kuma ya ce kowa zai ɗauki kayansa. Duka biyun gaskiya ne. Akwai kayan da naka ne, kamar nome gonarka da ciyar da iyalinka. Akwai kuma jinkar da hannu ɗaya ba ya ɗauka.

Dogaro da kan da nake tsoro shi ne na zuci, inda mutum yake ji ba ya bukatar Allah sai ranar jana'iza, ba ya bukatar ɗan'uwa ko kaɗan.

"Allah ya ce tashi in taimake ka." A wace sura take?

Ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Karin maganar Hausa ce, kuma tana da amfani wurin zaburar da malalaci. Amma kada a ɗora bishara a kanta, domin Romawa 5:6 ta ce tun muna marasa ƙarfi ne Almasihu ya mutu dominmu. Mutumin da ya shekara 38 yana ciwo, wanda Yesu ya tarar kwance a bakin tafkin Baitasda, an ce masa tashi, gaskiya ne, sai dai wanda ya ce masa tashi shi ne ya ba shi ƙafafun tashin. Bayan haka ne ya naɗe tabarmarsa ya ɗauka da kansa.

Ta yaya zan gane na ƙetare daga ƙwazo na shiga dogara ga kaina?

Zan ba ka labarina, domin ni ban gane ba sai da na faɗi.

Shekaru da dama ina sayen wake da kaka a kasuwannin ƙauye, in adana, in tura Nijeriya ta iyakar Ɗan Isa idan farashi ya tashi. Allah ya sa albarka. Na san wace kasuwa wake yake araha, na san direbobi, na san lokacin da naira take ƙarfi. A hankali addu'ar asuba ta gajarce. Ban daina ba, amma ta zama kamar sa hannu a takarda. Maiɗakina ta ce mini wata rana, "Maigida, wannan karon kuɗin mutane ne da yawa a ciki, ka rage." Na ce mata, "Ke dai bar mini wannan, na san hanya." Na karɓi kuɗin mutum uku na haɗa da nawa, na cika shago har rufi.

A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Kaya suka tsaya. Na ƙi sayarwa a nan gida da hasara, ina cewa gobe za a buɗe. Wata safiya na buɗe shagon, na sa hannu cikin buhun da ke kusa da ƙofa, na ji ɗumi. Na ɗebo, sai gari yake bin yatsuna, kowace ƙwaya da ƴar hudarta, ƙwari suna yawo a tafin hannuna. Na zauna a kan buhun na daɗe ban motsa ba.

Rufe iyaka ba laifina ba ne, ya sami ƴan kasuwa masu tsoron Allah fiye da ni. Laifina yana cikin abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Ban tambayi Ubangiji ba kafin in karɓi kuɗin mutane. Na toshe kunnena ga matar da Allah ya ba ni. Da abin ya lalace kuma na yi wata huɗu ina sa babbar riga ranar Lahadi, ana ce mini "Baba, yaya kasuwa?" ina cewa "Sai godiya," alhali ba na barci.

To, ga alamun da na gani a kaina. Addu'a takan zo bayan an yanke shawara, don a nemi Allah ya buga hatimi. Shawarar na ƙasa da kai takan yi maka ɗaci tun kafin ka auna ta. In an samu riba kai ne, in an faɗi laifin wani ne. Sannan damuwa mai hana barci, domin wanda ya ɗauka shi ne yake riƙe da komai ba shi da wanda zai bar wa tsaro ya kwanta. Zabura 127 ta san wannan mutumin, mai tashi da sassafe ya kwanta a makare yana cin abincin wahala.

Yesu ya kira mai gina manyan rumbuna wawa. Ke nan ajiyar hatsi rashin bangaskiya ce?

A ƙasar da damina take wata uku zuwa huɗu, magidancin da bai cika rumbu ba ya zalunci ɗiyansa. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar har shekara bakwai, da wannan ajiya Allah ya ceci ƙasashe. Karin Magana sura 6 ta aike da rago wurin tururuwa ya koyi tanadi.

Ka sake karanta misalin a Luka 12 a hankali, ka saurari bakin mutumin. Amfanina, rumbunana, kayana, raina. Da kansa yake shawara, kansa yake yi wa albishir. Babu Allah a cikin zancen, babu maƙwabci, babu ma ƴan ƙodagon da suka nome gonar. Yesu kuwa ya fara labarin da cewa ƙasar mutumin ce ta ba da amfani. Yusufu ya tara domin a buɗe wa mayunwata, wannan ya tara domin ya rufe.

Mu masu sayen hatsi akwai ayar da ta shafe mu kai tsaye, Karin Magana 11:26, cewa jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan wanda ya fitar ya sayar. Kowa a Maraɗi ya san yadda kuɗin tiya yake hawa daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbunan talakawa suka ƙare, ga kuma noma ya kama. Adana kaya don a sami riba halal ne. Amma in kana zaune kan buhuna kana jiran yunwar maƙwabcinka ta ƙara tsananta, ka san wa kake dogara gare shi.

Muna cewa "in Allah ya yarda" a kowace magana. Wannan bai isa ba?

Kalma ce mai kyau, mu da maƙwabtanmu Musulmi duk muna faɗinta, kuma Yakubu ya umarce mu da ita. Abin lura shi ne da ƴan kasuwa yake magana, masu cewa yau ko gobe za mu tafi gari kaza, mu shekara, mu yi ciniki, mu ci riba (Yakubu 4:13-15). Kamar a tashar motar Katsina ya tsaya ya ji mu. Amma harshe yakan saba da kalma har ta fita ba da sanin zuciya ba. Ni na faɗe ta a ranar da na cika shagon nan. Gwajinta yana zuwa ne ranar da Allah bai yarda ba. In ka yi fushi kamar an ƙwace maka haƙƙinka, to da ma ba ka bar masa wurin ya ce a'a ba.

Tsofaffinmu sun san garin nan ba nan yake ba da. A cikin kwari yake, bakin gulbi, sai ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka hau tudu aka sake gini. Mutanen da suka kwana da shirin gobe a wancan tsohon gari ba su fi mu rashin dabara ba.

Zuwa likita fa? An ce Sarki Asa ya yi laifi da ya nemi masu magani.

A duba 2 Tarihi sura 14 zuwa 16 da kyau. Asa a farkon sarautarsa ya fuskanci rundunar Zera Bahabashe, ya yi kuka ga Ubangiji, aka ba shi nasara. Da ya daɗe a kan gado sai ya kwashe azurfa da zinariya na Haikali ya sayi taimakon sarkin Suriya, annabin da ya tsauta masa kuma ya jefa shi kurkuku. A shekara ta 39 ta mulkinsa ciwon ƙafa ya kama shi, kuma ko a cikin ciwon bai nemi Ubangiji ba, sai masu magani kaɗai. Ciwon ƙafar ya tarar da zuciyar da ta riga ta juya baya.

Ishaya da kansa ya ce a shafa wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Asibitin Danja da ke kudu da gari, wanda ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM ta kafa a 1956 domin masu ciwon kuturta, da na Galmi da aka buɗe a 1950, masu addu'a ne suka gina su. In yaro ya yi zazzaɓi da damina, ka yi addu'a kana ɗaure shi a baya zuwa likita. Na ga iyayen da suka ƙi kai yaro suna cewa bangaskiya ce, kuma a ganina akwai girman kai a ciki, domin suna gaya wa Allah ta wace hanya kaɗai aka yarda ya warkar.

Laya da zuwa wurin boka daban ne. Can mutum yana neman iko ne da zai riƙe a aljihunsa, wanda zai yi masa aiki ko Allah ya so ko bai so ba. Wannan mai bi ba shi da rabo a ciki.

Ina cikin matsi, amma ina jin kunyar a sani. Rufin asiri ba abu mai kyau ba ne?

A nan nake so in daɗe, domin a nan girman kanmu yake ɓuya, mu Hausawa, kuma yana sanye da tufa mai kyau. An tarbiyyantar da mu da kunya. Muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, addu'a ce mai kyau, ni ma ina yin ta. Mutumin kirki ba ya tallan talaucinsa, ba ya zama maroƙi a ƙofar kowa. Amma akwai inda kunya take ƙarewa, girman kai ya karɓa, kuma iyakar ba ta da shinge. Ka tambayi kanka wannan: in da kai ne mai bayarwa, za ka ji daɗi? In amsar i ce, amma karɓa tana ƙona ka kamar garwashi, to kujerar mai bayarwa kake so, ba ka son ta mai karɓa. Mulkin Allah kuwa ta ƙofar karɓa ake shigarsa, kamar ƙaramin yaro.

Na'aman, shugaban yaƙi mai ciwon kuturta, ya zo daga Suriya neman warkarwa da talanti 10 na azurfa, da zinariya 6,000, da riguna 10, yana shirye ya biya. Da a ce annabi Elisha ya ɗora masa wani abu mai wuya, da ya yi, barorinsa ma haka suka faɗa masa. Abin da ya tunzura shi shi ne an ce ya je ya yi wanka sau bakwai a Urdun, kyauta, kuma annabin ko fitowa bai yi ba. Labarin maganin ma daga bakin ƴar baiwa ya fito, yarinyar da aka kamo a yaƙi. Sai da jarumin ya tuɓe kayan sarauta a gaban barorinsa, suka ga abin da rigar take rufewa, sannan ya warke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Bitrus ma haka. Da Yesu ya ɗaura tawul ya zo da ruwa a kwano, Bitrus ya ce faufau ba za ka wanke ƙafafuna ba. A kunne kamar ladabi ne. Yesu ya ce masa in ban wanke ka ba, ba ka da rabo tare da ni.

A wata na biyar na wahalata, bayan sallar isha'in maƙwabta, aka yi sallama a ƙofar gidana. Wani ɗan'uwa ne daga ikilisiya, mai gadi ne a wani ma'aji, albashinsa bai kai abin da nake kashewa a mai ba a da. Ya turo buhun hatsi a kan amalanke, ya zaɓi dare don kada kowa ya gani. Ya ce, "Baba, daga gonar gida ne, a yi wa yara fura." Na ce masa, "Haba, Malam, ai muna da shi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, shekara nawa muna ci a hannunka? Yau kaɗai ka bar ni in sami albarka." Maiɗakina tana tsaye a bayan labule, na ji tana jan hanci. Na kama bakin buhun, shi ya kama gindin, muka shigar da shi zaure. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba. A daren nan ne na yi addu'a ta gaskiya karon farko cikin shekaru, washegari kuma na je wurin fasto da mutanen nan uku da nake riƙe da kuɗinsu, na faɗa musu komai.

Ba na cewa ka tashi a tsakiyar sujada ka zayyana bashinka. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu riƙe amana. Ikilisiya kuma ta koyi bayarwa irin ta mai gadin nan, da dare, ba tare da sanarwa ba.

Tawali'u yana nufin in raina kaina, in bar kowa ya taka ni?

A'a. Romawa 12:3 ta ce kada mutum ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, sai dai ya auna kansa da natsuwa. In Allah ya ba ki murya, aka ce ki ja waƙa, kika yi ta noƙewa sai an roƙe ki sau uku, wannan ma neman a dube ki ne. Ki ja waƙar, ki gode wa wanda ya ba ki.

Bulus mai tawali'u ne, amma da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, ya ce mahukunta su zo da kansu su fitar da shi, domin shi ɗan ƙasar Roma ne (Ayyukan Manzanni 16:37). Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace bai saɓa wa tawali'u ba. Ina faɗin wannan musamman saboda ƴan'uwa mata. Matar da ake duka a gida, kada kowa ya ce mata shirunta shi ne tawali'u. Ta faɗa wa dattawa da iyayenta, kuma wajibi ne a tsaya mata.

Akwai girman kai a cikin majami'a?

Akwai, kuma ya fi na kasuwa haɗari, domin da sunan Allah yake yawo. Uzziya ya hau sarautar Yahuza yana da shekara 16, ya yi 52 a kai. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi da yawa, mutum ne mai son noma. 2 Tarihi 26 ta ce an taimake shi ƙwarai har ya yi ƙarfi, da ya yi ƙarfi kuwa sai zuciyarsa ta kumbura. Bai tafi wurin gumaka ba, Haikali ya shiga zai ƙona turare, aikin da ba nasa ba. Firistoci 80 suka bi babbansu suka tare shi, ya husata, kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a keɓe.

A wurinmu abin yakan fito a ƙananan wurare. Wanda ya ba da siminti ya ga kamar shawarar ikilisiya tasa ce. Dattijon da yaro ba ya isa ya gyara masa aya. Gidan da suka karɓi bishara tun zamanin da mishan ta zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗi, suna duban sabon tuba daga ƙauye kamar baƙo. Ikilisiya kaza tana ganin ita kaɗai ce ke da Ruhu. Yahaya ya ambaci wani Diyotarifis mai son zama na gaba, wanda har korar mutane yake yi daga ikilisiya.

Akwai kuma wanda ba mu cika faɗa ba. Mu Kirista kaɗan ne a garin nan, kuma ƴan kaɗan sukan ta'azantar da kansu da raina masu yawa. Na riƙe bangaskiyata ga Almasihu ba tare da shakka ba, ina kuma shaida ta ga duk wanda ya tambaye ni. Amma alheri ne aka yi mini, ba wayona ba ne. Ɗaya daga cikin mutum ukun da nake riƙe da kuɗinsu Alhaji ne, maƙwabcina a kasuwa. Da na gama faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Dukiya ta Allah ce. Ka biya a hankali." Ya jira ni shekara biyu bai taɓa aiko yaro ba.

Na gama jami'a, babu aiki. In kama kabu-kabu, ba zubar da kai ba ne?

Ɗana, karatunka ba zai zube a kan babur ba. Mutanen Nazarat sun san Yesu da sunan masassaƙi kafin su san shi da wani suna (Markus 6:3). Ka kama abin da ya samu, ka ci gaba da ajiye takardunka inda ake nema. Abin kunya shi ne mai digiri ya zauna a dandalin shayi yana jiran mahaifiyarsa ta sayar da ƙuli-ƙuli ta ba shi kuɗin kati.

Na yi addu'a, na yi aiki iyakar ƙarfina, ban ga komai ba. Me ya rage?

Ba ni da amsar da za ta share wannan hawaye, kuma ba zan ce maka rashin bangaskiyarka ne ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka. Ya ce an bar masa ita ne don kada ya ɗaukaka kansa. Ba kowace wahala ce take zuwa saboda girman kai ba, Ayuba shaida ne. Amma kowace wahala tana iya koya wa hannu buɗewa.

Akwai abin da ya faru a ƙasar nan tamu da nake yawan tunawa. Toni Rinaudo, masanin noma daga Ostareliya, ya zo Maraɗi da mishan ta SIM a 1981. Ya yi ta rainon itatuwa yana kai wa ƙauyuka ana dasawa, akasarinsu suna mutuwa, rana da iska da awaki suna gamawa da su. A 1983, yana kan hanya da ƴan itatuwa a mota, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi. Ya dubi fili fetal, ya karaya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda manoma suke sassabewa kowace shekara. Da ya duba ganyen, ya ga ashe itace ne, toho ne daga kututturen da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙasa. Gonakin duk cike suke da irinsu. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kiyaye su. Da farko an yi masa dariya. Yunwar 1984 ce ta sa mutane da yawa suka gwada. Shi ne abin da muke kira sassabin zamani, kuma yau ana lissafin kadada wajen miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya.

Shekara biyu yana taka abin da yake nema. Bai gan shi ba sai da dabararsa ta ƙare. Bayan ya gani kuma aiki bai ragu ba, manoma ne suka sunkuya da wuƙa da gatari, gona bayan gona, shekara bayan shekara, har gawo da kalgo suka dawo.

Daga ina zan fara?

Bitrus ya haɗa abu biyu cikin jimla ɗaya: ku ƙasƙantar da kanku a ƙarƙashin hannun Allah mai iko, kuna zuba masa dukan damuwarku, domin yana kula da ku (1 Bitrus 5:6-7). Ka fara da damuwar da ta hana ka barci jiya, ka faɗa masa ita da sunanta, da adadin kuɗin in kuɗi ne. Kafin ka yanke shawara ta gaba, ka yi addu'a tun ba ka yanke ba, ka kuma tambayi matarka ko mijinki da niyyar ji. In akwai wanda ya kamata ka nemi gafararsa, ka taka da ƙafarka, kada ka aika. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ka mayar wa mai gadin nan buhunsa?

Matasa sukan tambaye ni wannan. Da kaka ta zagayo, na auna buhu biyu na kai masa. Ya ƙi. Ya ce, "Baba, in ka biya ni, ya zama bashi ke nan, ni kuwa ba bashi na ba ka ba." Na matsa, ya ƙi. Na dawo da su gida raina ba daɗi, domin na so in wanke kaina in koma inda nake da. Maiɗakina ta dubi buhunan ta ce akwai wata gwauruwa a bayan layinmu mai ɗiya biyar, kwana biyu ba ta ga hayaƙi a gidanta ba. Muka jira dare ya yi, na aro amalanke.